Kafin ka sayi jirgi, nemi inda zai kwana

Mai sayen doki ya san biyan kuɗin dokin ba shi ne ƙarshen magana ba. Akwai turke, akwai harawa, akwai wanda zai kula da shi in maigida ya yi tafiya. Ƙaramin jirgin ruwa mai inji ma haka yake, sai dai turkensa ya fi wuyar samu, kuma kuskure wajen zaɓensa ya fi tsada. Da yawa sai sun biya kuɗin jirgi sannan su fara cigiyar inda za a ɗaure shi, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Yi lissafi: shekara awa 8,760 ce. Wanda ke fita awa huɗu kowace Asabar, bai cika awa 210 a kan ruwa ba. Duk sauran lokacin jirgin yana ɗaure ne a gurbinsa, rana da ruwan sama da gishiri da ɓarayi suna aikinsu.

Wurin da aka gina musamman don ajiye ƙananan jirage shi ake kira marina. A Legas in ka ce wa direban tasi marina, titin bankuna zai kai ka, don haka a nan zan riƙa cewa matsaya, kason kowane jirgi a cikinta kuma gurbi. Da Legas zan yi misali, domin nan ne mai son wannan harka a Najeriya zai fi samun zaɓi: kulob-kulob irin su Lagos Yacht Club da aka kafa a 1932, da Lagos Motor Boat Club da ke titin Awolowo a Ikoyi, da jetocin (wato dakalan ɗaure jirgi) gidaje da na otal-otal a bakin mashigin Five Cowrie da ɓangaren Lekki. Jirgin misalinmu kuwa mai tsawon mita 7 ne, faɗin mita 2.5, da injin ratayawa a baya mai ƙarfin doki 150, irin wanda mutane suka fi farawa da shi.

Tambayar farko ma ita ce, dole ne jirgin ya kwana a cikin ruwa? Jirgi mai wannan girman yana iya zama a kan tirela a harabar kulob, a sauke shi ta gangaren siminti duk ranar fita, ko ya zauna a kan abin ɗagawa da ke tsame shi sama da ruwa. Jirgin da ke kwana a tudu ba ya nutsewa da dare, ba ya tara gansakuka da 'yan ƙumba a gindinsa, ba ya buƙatar fenti na musamman. A ruwan ɗumi irin na Legas, gindin da ba a shafa wa wannan fenti ba yana soma kama datti cikin mako biyu zuwa uku, kuma da zarar ya kama, gudu ya ragu, shan mai ya ƙaru. Abin da kwanan tudu ke ci shi ne lokaci: jiran mai sauke jirgi, layi ranar Asabar da Lahadi, da kuma gangaren da ba ya sauƙuwa in ruwa ya janye. Wanda zai fita sau ɗaya ko biyu a wata, a ganina tudu ya fi masa. Wanda ke son ya taso daga aiki da yamma ya murza makulli ya tafi, shi ne mai buƙatar gurbi a ruwa, kuma da shi nake magana daga nan.

Awo

Tsawon da aka rubuta a takardar jirgi tsawon gangar jikinsa ne kawai. Ɗauki tef ka auna da kanka daga abin da ya fi fitowa a goshi, wato mariƙin anka ko ƙarfen kariya, har zuwa farfela bayan an ɗaga injin sama. Injin da aka ɗaga yana ƙara santimita 60 zuwa 90, mariƙin anka ya ƙara 30 ko fiye. Sai ka ga jirgin mita 7 ya zama mita 8 da 'yan kai. Wannan adadin shi za ka faɗa wa masu matsaya, domin galibinsu da cikakken tsawo suke lissafin kuɗi, ko da tsawon gurbin, duk wanda ya fi yawa. In ka rage don neman sauƙi aka ba ka gurbin da ya yi kaɗan, injinka ne zai leƙo kan hanya, kuma shi ne abin da ya fi komai tsada a jirgin. Sabon matuƙi irinka guda ɗaya ya ishi farfelar ta tashi aiki.

A faɗi, kana buƙatar aƙalla santimita 30 a kowane gefe, 50 ya fi, don matasan roba da ake ratayawa tsakanin jirgi da dakali. In gurbin na jirage biyu ne a tsakanin hannuwan dakali biyu, auna faɗin maƙwabcinka ma, kada ka tsaya ga abin da aka faɗa maka.

Awon da kusan ba mai tambaya shi ne faɗin hanyar da ke tsakanin layukan jirage, inda za ka juya ka shiga gurbinka. Ƙa'idar masu gina matsaya ita ce hanyar ta kai tsawon jirgi sau ɗaya da rabi, sau ɗaya da uku bisa huɗu ya fi kwanciyar hankali. Ga jirginmu, mita 12 zuwa 14 ke nan, kuma daga ƙarshen jirgin da ke wannan layi zuwa ƙarshen na wancan layi ake aunawa, ba daga dakali zuwa dakali ba. Dalilin shi ne jirgi ba ya juyawa kamar mota. Mota gabanta ke karkata, baya ya bi. Jirgi bayansa ne ke zamewa waje, goshi ya juya a kusa da wuri ɗaya, kuma ba shi da birki. Wanda ya saba da mota yakan zuba ido a kan goshi, sai ya ji ƙarar bayansa ya daki jirgin mutane.

Sai zurfi. In injin yana ƙasa, jirginmu yana cin kamar santimita 80 zuwa 90 na ruwa. Ƙara rabin mita a kai, shi ne zurfin da kake so a lokacin da ruwa ya fi janyewa, a gurbin da kuma duk hanyar fita. Teku yana cika sau biyu, yana janyewa sau biyu a kowace rana, tsakanin cika da janyewa awa shida da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. A Legas bambancin bai da yawa, wajen mita ɗaya ne a bakin teku, ya kuma ragu in an shiga ciki. Amma mita ɗaya ya isa ya mai da gurbi fadama. Mai bin kwanan watan Musulunci yana da sauƙi a nan: cika mafi girma da janyewa mafi tsanani suna zuwa ne daidai tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa, wajen 14 zuwa 16. Je a ɗaya daga waɗannan ranaku, lokacin janyewa, da gora mai tsawon mita uku wadda ka yi wa alama kowane santimita 25. Caka ta a goshin gurbin, a tsakiya, da ƙarshe. Za ka san zurfin, za ka kuma san abin da ke ƙasa. Laka mai laushi ba ta fasa jirgi, sai dai inji yana zuƙar ta ya toshe hanyar ruwan sanyaya shi, ya cinye 'yar robar famfon. Ɓaraguzan siminti da tsofaffin ƙarafa kuwa, in gorar ta taɓa su, ka nemi wani gurbin.

In jirginka yana da rumfa mai tauri ko dogon eriya, auna tsayinsa daga ruwa, ka tambayi masu jiragen wurin game da kowace gada da ke tsakaninka da inda kake son zuwa. A nan lissafin akasin na zurfi ne: lokacin cika ne rata ke raguwa.

Dakalin da ke iyo da wanda ke kafe

Dakali iri biyu ne. Akwai mai iyo, wanda ke hawa da sauka tare da ruwa a jikin turaku. Akwai kafaffe, na katako ko siminti. Ga mai jirgin farko, mai iyo ya fi nesa ba kusa ba: tsayinsa da na jirgi ba ya canzawa, igiya ba ta buƙatar gyara, yara da tsofaffi suna shiga ba tare da tsani ba. Duba dai ko turakunsa sun ɗara ruwa da tsawo sosai lokacin cika, ko zoben da ke riƙe shi bai ci ba, kuma ka taka ƙarshen hannunsa ka ji ko yana nutsewa da kai.

Yawancin jetocin gidaje kafaffu ne, kuma a nan ake yin ɓarna iri biyu. In igiya ta yi gajarta, ruwa ya janye, jirgi ya rataye a jikinta har mariƙin ya tumɓuke. In ta yi sako-sako, jirgi ya zame ƙarƙashin jetin lokacin janyewa, ruwa ya dawo ya danne gefensa a ƙarƙashin katako, ya karkata, ya sha ruwa. Wannan na biyun yana nutsar da jirgi lafiyayye cikin dare ɗaya ba tare da ko ɗigon ruwan sama ba. Maganinsa dogayen igiyoyi masu tafiya a kwance tare da tsawon jirgi, domin doguwar igiya tana ɗaukar hawa da saukar mita ɗaya ba tare da ta saki jirgin ba, sannan a sa katakai a tsaye a jikin jetin waɗanda suka sauka har ƙasa da iyakar janyewa.

Tunda an zo maganar igiya: ta nailan ake so, don tana miƙewa ta shanye fizga. Shuɗiyar igiyar kasuwa da ake ɗaure kaya a mota ba ta wannan aikin ba ce, rana tana cinye ta, ta rududduge a hannu. Jirgin da bai wuce mita 8 ba, kaurin milimita 10 ya isa, 12 ya fi daɗin riƙo. Kana buƙatar huɗu aƙalla: ta goshi da ta baya, kowace kamar kashi biyu bisa uku na tsawon jirgi, da biyu masu tsawon jirgin gaba ɗaya da ake gicciyawa don hana shi matsawa gaba ko baya. Igiya ba ta cika tsinkewa don nauyi ba, gogayya ce ke yanke ta, saboda haka a zura mata guntun tiyo duk inda ta taɓa kaifi. Matasan roba kuma uku a gefen dakali, masu kaurin santimita 15 ko kaɗan fiye. Tsohuwar taya tana aiki a jirgin katako, amma a farin jirgi baƙin tabo take bari wanda ba ya fita da sauƙi. Sannan ka durƙusa ka kama kowane mariƙin igiya da ke dakalin ka girgiza. Wanda aka ɗaure da noti ya ratsa katakon har ƙasa shi ne abin dogaro. Wanda aka kafa da sukurori daga sama, hadarin farko zai tafi da shi.

Iska, gudun ruwa da wucewar jirage

Nan ne ya kamata mutum ya ɓata lokaci, domin gurbi biyu masu kuɗi ɗaya a matsaya ɗaya suna iya bambanta kamar dare da rana.

Jirgi ya fi jin magana idan goshinsa yana fuskantar iska ko gudun ruwa, domin su ne birkinsa. In suna tura shi daga baya, sai ka iso gurbin da saurin da ba ka nema ba. In daga gefe suke, goshin da ba shi da nauyi shi ke fara zamewa, kuma a tafiyar hawainiya da ake yi cikin matsaya inji ba ya da ƙarfin dawo da shi. A Legas iskar yau da kullum daga kudu maso yamma take zuwa, ta fi ƙarfi da rana zuwa yamma, wato daidai lokacin da kake dawowa a gajiye da iyali a cikin jirgi. To, tsaya a bakin gurbin da misalin ƙarfe huɗu na yamma, ka ga ta ina take bugun fuskarka. Hadarin farkon damina da na ƙarshenta kuwa daga gabas yake tasowa, da iska mai ƙarfi ta ɗan lokaci. Gurbin da ke da gini ko katanga ta yamma amma gabashinsa fili ne na ruwa mai nisa, lafiya lau yake wata da watanni, sai dare ɗaya ya nuna halinsa. Gwargwadon nisan buɗaɗɗen ruwa, gwargwadon girman igiyar ruwan da iska za ta tara.

Akwai kuma zaɓi tsakanin iskar da ke manna ka da dakali da wadda ke ture ka daga gare shi. Mai mannawa tana sauƙaƙa shigowa, amma jirgi yana kwana yana niƙa matasansa. Mai turewa ta fi wa jirgi lafiya a ɗaure, sai dai tana son hannu wajen shigowa. In wurin a kare yake, sabon matuƙi ya ɗauki ta farko.

A mashigi mai ƙunci, musamman kusa da ginshiƙan gada, ruwa yana gudu sosai a tsakiyar cika da tsakiyar janyewa, da damina kuma janyewar ta fi ƙarfi saboda ruwan koguna da ke bin ta. Jefa ɗan kara a bakin gurbin awa uku bayan cika, ka ƙirga. In ya yi mita ɗaya a daƙiƙa biyu, gudun ya kai ya wahalar da kai. In kuma a gicciye yake wucewa ta bakin gurbin, wannan wuri na gwanaye ne.

Sai jiragen haya. Five Cowrie hanya ce ta jiragen fasinja, ga tasharsu a Falomo, kuma kowane wucewa yana turo igiyar ruwa gaɓa. Jirgin da ke gurbin bakin hanya yana shan wannan jijjiga ɗaruruwan lokuta a mako: mariƙai su yi sako-sako, igiya ta ci, gefe ya goge. Wanda ya je duba wuri ranar Lahadi da hantsi ba zai ga komai ba. Je ranar aiki da ƙarfe bakwai na safe ko biyar na yamma, ka tsaya rabin awa kana kallon yadda jiragen da ke ɗaure suke rawa. Gani ya kori ji.

Daga nan za ka ga inda tsaka mai wuyar take. Gurbin waje, na ƙarshen dakali, shi ya fi sauƙin shiga, shi ya fi shan duka. Na can ciki a kwance yake lumui, amma sai ka ratsa jirage ashirin ka karya kwana mai tsanani sau biyu kafin ka kai, kuma nan shara ke taruwa. Shawarata ga mai farawa ita ce gurbi na uku ko na huɗu daga waje, a ɓangaren da ke bayan kariya, wanda ake shiga da karya kwana sau ɗaya tak. Kada ka karɓa sai ka gwada shiga da fita sau uku, da jirginka ko da makamancinsa, tare da wanda ya iya. Mutumin da ke fargabar dawowa gurbinsa, a hankali zai daina fita, jirgin ya zama kayan kallo. Ba kunya ba ce ka ce wa manajan wurin kai sabo ne. Ya fi son ya ji daga bakinka da ya ji daga bakin maƙwabcin da ka fasa wa fitila.

Kainuwa da leda ma suna cikin lissafi. Tun shekarun 1980 kainuwar nan mai shuɗin fure ta mamaye ruwan Legas, kuma takan sauko da yawa daga ƙarshen damina, lokacin da gishirin ruwan ya ragu. Tana cika lungu ta toshe shi. Leda kuwa in ta manne a ƙofar shan ruwan inji, cikin 'yan mintuna ya yi zafi. Tambayi ko suna da shingen da ke tare ta, da wanda ke kwashewa. Ma'aikacin da ke wanke jirage ya fi manaja sanin amsar, kuma ya fi shi faɗin gaskiya.

Ruwan sama da lantarki

Jirage da yawa a gurbinsu suke nutsewa, ba a tsakiyar teku ba. Buɗaɗɗen filin jirginmu ya kai murabba'in mita 12. Ruwan sama na milimita 50, wanda ba abin mamaki ba ne a Legas a watan Yuni, lita 600 ke nan, fiye da rabin tan. In jirgin mai zubar da ruwa da kansa ne, ramukan da ke bayansa za su fitar, matuƙar ganye ko ledar ruwa ba su toshe su ba. In ba haka ba, komai ya rataya a kan ƙaramin famfon da ke can ƙasa, da makunninsa mai iyo, da batir. Adadin da aka rubuta a jikin famfo na gwaji ne ba tare da tiyo ba. A aikace ka ɗauka rabinsa ko kaɗan fiye za ka samu. Dole a haɗa shi kai tsaye da batir ta hanyar fis nasa, don ya yi aiki ko an kashe babban makunni. Kuma batir sai da caji. Saboda haka ka tambaya: akwai wuta a dakalin, ta awa nawa a rana, janareto yana kaiwa can ko ofis kawai yake haskawa? In babu tabbas, ƙaramin faifan sola mai wat 20 zuwa 30 da na'urar daidaita cajinsa ya fi alkawari. Tamfol mai tudu a tsakiya yana rage aikin, amma wanda ya lotsa tafki yake zama.

Tambaya mafi muhimmanci a nan ta mutum ce: in aka kwana ana ruwa, wa ke zagayawa da tocila ya ga jirgin da ya yi ƙasa, kuma yana da lambar wayarka?

Buɗe akwatin wutar da ke dakalin ka leƙa. Soket ɗin ya zama irin shuɗin nan mai murfi na amfiya 16, da na'urar yanke wuta in ta zurara, mai miliamfiya 30. Danna maɓallin gwajinta ka ga ko ta yanke. Wayar gida da aka jona da salatif tana lilo kusa da ruwa dalili ne isasshe na barin wurin. Wutar da ta zurara cikin ruwa tana sandarar da mai iyo ya nutse, kuma haɗarin ya fi yawa a ruwan da ba gishiri, don haka ba a wanka a matsaya ko da zafi ya kai yaya.

Akwai wata ɓarna ta ɓoye. Da zarar ka jona wutar dakali, wayar ƙasa, wato wayar kariya ta lantarki, ta haɗa ƙarafan jirginka da na duk maƙwabtanka, ruwan gishiri kuma ya mai da ku batir guda. Ƙarfen da ya fi rauni shi ke narkewa, kuma sau da yawa ƙafar injinka ce ta alminiyam. Ana sa wata 'yar na'ura a kan wayar ƙasa da ke tare wannan ƙaramar wuta ta bar ta kariya ta wuce. Sannan akwai 'yan dunƙulen ƙarfe da ake ɗaurawa a jikin inji don su ci a madadinsa: na tutiya don ruwan gishiri, na magniziyam don ruwan daɗi, na alminiyam don gauraye. Ruwan Legas gishiri-gishiri ne da rani, ya kusa zama na daɗi da damina, don haka na alminiyam ya fi dacewa. Ba a shafa musu fenti, kuma ana canzawa in rabi ya tafi. Dubi na jiragen da ke kusa da gurbin, ka tambayi masu su wata nawa suke yi. In suna ƙarewa cikin wata biyu ko uku, akwai wutar da ke yawo a wurin. Famfon ruwan daɗi ma dole ne, don wanke cikin inji na minti 10 zuwa 15 bayan kowace fita.

Tsaro, takarda da hanya

Inji ake sata, sai batir, sai mai. Kwaɗon da ke rufe notin inji yana da amfani, haka ma ɗaukar hoton lambar injin. Amma ka lura da abu ɗaya: ƙofar titi tana iya samun masu gadi uku, ɓangaren ruwa kuwa a buɗe, kuma ɓarawon inji da kwalekwale yake zuwa. Je da dare sau ɗaya ka ga ko fitila tana kaiwa ƙarshen dakalin, da inda maigadin yake zama.

Yarjejeniya kuma a karanta ta kafin a ba da kafin alƙalami. A kulob, sai ka zama mamba tukuna, da kuɗin shiga da na shekara, wani lokaci da jiran layi. A ko'ina, tambayi abin da kuɗin ya ƙunsa: wuta, ruwa, wurin ajiye mota, tsamo jirgi don wanki, harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, da kuma ko da naira aka yanke farashin ko da dala. Kusan kowace yarjejeniya tana cewa masu wurin ba su da alhakin abin da ya sami jirginka, wato inshora a wuyanka take, musamman wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani. Duba ko suna da ikon matsar da kai wani gurbin ba da saninka ba; in haka ne, duk awon da ka yi ya tashi a banza, sai ka nemi a rubuta lambar gurbin. Duba ko an yarda ka kawo bakanikenka, ko ana rufe ƙofa da wani lokaci, ko suna riƙe jirgi in an yi jinkirin biya, da wa'adin da ake bayarwa kafin tashi. In jetin gidan wani ne, ko da abokinka ne, a rubuta. Rajistar jirgi kuwa, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA mai hedikwata a Lakwaja ita ce ta tarayya, jihar Legas kuma tana da tata, LASWA. Matsaya ta kirki za ta nemi takardunka da rigunan kariya kafin ta karɓe ka, kuma wadda ba ta tambaya ba, ka san irin maƙwabtan da za ka samu.

Kada ka ɗauki shekara guda a karon farko in ana ba da wata uku, ko da na watannin ya ɗan fi tsada. Ka sa watannin su faɗa cikin damina.

Nisa iri biyu ne. Akwai na gida zuwa matsaya, wanda a Legas da awa ake auna shi ba da kilomita ba. In ya wuce minti 45 a cunkoson ranar Asabar, fitar za ta yi ta raguwa, haka ma leƙawa bayan ruwan sama. Akwai kuma na matsaya zuwa inda kake son zuwa, ko bakin teku na Tarkwa Bay ne ko cikin tafkin Legas. Injin doki 150 yana shan wajen lita 55 a awa in an taka shi iyaka, kusan rabin haka a matsakaicin gudu. Ƙarin minti 20 zuwa da 20 dawowa lita 15 zuwa 20 ne a kowace fita, kuma arahar gurbi mai nisa a nan take zurarewa. Tambayi kuma inda ake shan mai. In da jarka za ka riƙa ɗaukowa, dubi tsawon tafiyar daga mota zuwa gurbi, ka tuna tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasan jirgi yake gangarawa ya kwanta.

Wanda jirginsa ke ruwan daɗi, a tafkin Jabi a Abuja ko Kainji ko kogin Kwara a Yamai, ba ruwansa da cika da janyewar kullum, amma yana da ta shekara, wadda ta fi girma. Tafkin Kainji yana sauka mitoci da dama kafin sabon ruwa ya iso, a Yamai kuma kogin yana ƙanƙancewa sosai a watan Mayu da Yuni. Jetin da ka gani cikin ruwa a watan Oktoba yana iya zama a kan busasshiyar ƙasa da bazara. A can, gorar awonka a ƙarshen rani za ka kai ta, ka kuma tambayi masunta inda ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi ja baya, da inda kututturan itatuwa suke a ƙarƙashinsa.